Tarihin Rayuwata, Kashi Na Goma Sha Ɗaya: Shekarar Da Muka So Mu Yi Likita

A makon jiya na tsaya ne a daidai lokacin da 'yata ta fari ta kammala firamare a 2017. Ba na faɗin sunanta saboda kunyar ɗan fari, don haka Yaya zan ci gaba da kiranta, kamar yadda ƙannenta suke yi.

Ni na so ta yi ƙaramar sakandare ta gwamnati a nan Gwale, daga bisani ta nemi makarantar kimiyya ta 'yan mata da ke Garko, amma mahaifinta ya ce ba zai kai 'yarsa makarantar kwana ba. Sai muka shiga zagayen makarantun kuɗi, inda muka tarar cewa kuɗin zango somin taɓi ne, domin akwai na littattafai, da na yunifom, da na lasin, wato ƙarin darasi, da na adaidaita sahu. Maigidana ɗan Kantin Kwari ne, kasuwa kuwa yau gare ka gobe ga waninka, shi ya sa na shiga adashi, kwasata kuma ba ta taɓa kwana a hannuna ba.

Tun tana aji ɗaya mahaifinta ya laƙaba mata Dakta, ni ma na biye masa. Da ta shiga ajin ƙarshe ga jarrabawar WAEC, ga NECO, ga JAMB ta shiga jami'a da ake yi a kwamfuta, kuma kowa ya san cewa cikin maki 400 sai wanda ya ci da yawa ke jin ƙamshin karatun likita a Jami'ar Bayero. Tana fita ƙarfe shida da rabi na safe, ta dawo bayan la'asar, ta wuce Islamiyya, da dare kuma malamin lasin yana zaune a zaure yana jiranta. Wani dare na leƙa ɗakinsu na same ta ta kifa kai a kan littafin kimiyyar sinadarai, fitilar caji ta dusashe, tuwon da na kai mata tun magariba ya sandare ko loma ba ta yi ba. Na ɗauke kwanon na fita, a raina kuwa, Allah Ya yafe mini, daɗi na ji wai yarinya ta dage.

Yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas a 2022 ne ya sa mahaifinta ya fara maganar Sudan, inda 'ya'yan abokansa suke karatun likita, har ya sa filinsa na Ɗorayi a kasuwa. A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a can, aka kwaso ɗalibanmu da ƙyar, wasu ta iyakar Masar. Kuɗin jami'ar kuɗi kuma, bayan cire tallafin man fetur, ya fi ƙarfinmu.

Da sakamakon JAMB ya fito makinta bai kai ba. Mahaifinta ya ce ta sake zama baɗi, sai ta durƙusa a gabansa, muryarta na rawa, ta ce, "Abba, ka yi haƙuri, ni ko jini na gani jiri nake yi, lissafi nake so." Ya dube ni ya ce, "Maman yara, kin san da wannan magana?" Shekara shida ina biyan kuɗin makaranta ban taɓa tambayarta ba, sai na sunkuyar da kai.

Washegari ya fita kasuwa ko karyawa bai yi ba. Abin da ya dawo da shi da yamma, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.