Goron Hajiya da kwana uku a Jidda

Wallahi har yau in na ga goro a faifai sai raina ya ɓaci. Shekara da shekaru ina saro jallabiya da abaya da turare ta hannun 'yan tsakiya, bana na ce ya isa, da ƙafata zan je Jidda in zauna da mai kaya ido da ido. Daga Garwa zuwa Marwa, Kusiri, na tsallaka gadar Ngeli na shiga Njamena, jirgi ya bi da mu ta Adis Ababa, duk lafiya lau.

Daren tafiya Hajiya ta kira ni ɗaki, ta miƙo ƙwaryar farin goro a naɗe cikin ganye ta ce "Ɗan nan, ba a zuwa wurin babban mutum hannu rabbana." Na ce to Hajiya, na cusa ƙasan jaka. Ni a ganina Saudiyya ai gida ce, ina sallah, ina jin Larabcin Shuwa, turawa ne ake zaunarwa a koya masu kar ku ɗauki giya kar ku ɗauki naman alade, ni me zan koya?

Mun sauka Alhamis da safe. Jaka na shiga na'ura ɗan duwan, wato kwastan, ya ɗaga hannu, ya warware ganyen ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya kira na biyu, na biyun ya kira na uku. Ashe goro na cikin abin da suka hana shiga da shi, alhazan Najeriya kowace shekara ana ja masu kunne a kai, ni ban taɓa ji ba. Ba zagi ba tsawa gaskiya, amma sai da aka zazzage jakar har safa, aka karanta kwalin kowane magani, aka ƙirga kuɗina, Allah ya so bai kai riyal 60,000 ba don in ya kai dole ka bayyana tun farko. Ina ta "da goro bas, da goro bas" da Larabcin Shuwa, wato goro ne kawai, suna kallona kamar Fulatanci nake yi. Awa biyar! Suka riƙe goron na sa hannu na fito.

Alƙawarinmu da mai kaya kafin azahar ne, ni kuwa na fito la'asar ta wuce. Hutunsu Juma'a da Asabar ne tun 2013, shi kuma ya kwashi iyali sun hau Ɗa'if shan iska, sai Lahadi. Kwana uku ina biyan otal kusa da Balad, tsohon garin Jidda, riyal 3.75 a dala ɗaya ba ya motsi, ni ina juya shi sefa a kaina cikina na ciwo, ga kuɗin canza tikitin dawowa, duk abin da na ce zan ƙwace daga hannun ɗan tsakiya goro ya cinye. Umra kaɗai na tsira da ita ranar Juma'a, alhamdulillahi.

Lahadin ma kar ka ce kana zama za a shiga farashi. Gahawa da dabino, ya hanya, ya ƙasarku, in ba ka girgiza ɗan kofin ba haka za a yi ta zuba maka, muna fara taɓa maganar kwali nawa aka kira sallah kowa ya miƙe. Ciniki ya faɗa dai bayan isha.

In za ka je, ka sauka Asabar da dare. Magani ka riƙe takardar likita, tramol kar ma ka kusance shi. Kuma ka zazzage jakarka da kanka kafin ka bar gida, musamman ƙunshin da tsofaffi suka saka da hannunsu.

Da na dawo, kafin in cire takalmi Hajiya ta ce "To, Balaraben ya ji daɗin goron?" Na ce "Sosai Hajiya, har mutum uku suka taru a kai."