Rago a Hannun Yaro: Abin da Turke ke Koyarwa

Aikin dabbobi a Gombe ya koya mini cewa yaron da ake ce wa "je ka ba tumakin Baba dusa" daban yake da wanda aka damƙa wa igiya aka ce "wannan naka ne". Na farkon ɗan aike ne. Na biyun kuwa shi ke leƙa turke da asuba ko ba a tashe shi ba.

Karatun yana farawa tun wurin saye. Yaro ɗan shekara 10 zuwa 12 Yankasa ya fi dacewa da shi, domin Balami da Uda sun fi girma da ci, kuma ƙosasshen Balami na iya fizge shi ya kayar. A tafi da shi kasuwar dabbobi ta Tike da ke Pantami ko kasuwar Kumo, a sa shi ya buɗe bakin ragon da hannunsa. Haƙoran gaba na ƙasa ake dubawa: in manya biyu sun fito a tsakiya, ragon ya kai shekara ko ya haura, ya isa layya ba gardama. Sai ya duba ido, da majina a hanci, da ƙarƙashin wutsiya ko akwai alamar zawo. An kawo shi gida, a ware shi mako biyu, a ba shi maganin tsutsar ciki, a kira malamin dabbobi ya yi masa rigakafin PPR, wato annobar tumaki da awaki.

Wurin ciyarwa ne yara suka fi yin ɓarna, kuma ƙauna ce ke jawo ta. Rago mai kilo 30 yana cin wajen kilo ɗaya na busasshen abinci a rana, mafi yawansa harawa. Dusa da angurya kuwa, da cikin tafin hannu ɗaya ake farawa, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har kwana 10 zuwa 14 kafin cikinsa ya saba. Yaro kuwa so yake ragonsa ya fi na maƙwabta cikin mako guda, sai ya faki ido ya juye masa kwanon masara ko sauran tuwo. Hatsin ya yi tsami a tumbi, gefen hagu ya kumbura, ragon ya daina tuƙa, wani lokaci kafin gari ya waye an yanka. Wanda aka yi wa bayanin dalili tun kafin hakan ta faru, ya koyi haƙuri ba tare da asara ba. Haka batun leda: rago ya haɗiye ta, yana ci yana ramewa, don haka sharar wurin turke kullum aikin mai rago ce.

Abin da na fi daraja shi ne ido. Yaron da ya yi wata guda yana ba da ruwa safe da yamma, shi zai fara cewa "Baba, yau bai tuƙa ba" ko "kashinsa ya yi laushi". Manya da yawa ba sa lura sai dabba ta kwanta.

A ba shi littafi ya rubuta komai na kwana 90 zuwa 100 da turka ke ɗauka, har dusar da ya ɗiba a wurin mahaifiyarsa, a yi mata kuɗi. A nan zai gane dalilin tara harawa tun kaka, ba a bari sai bazara da ta yi tsada ba. In ribar ta fito kaɗan, kada a rufa masa. A bar lissafin yadda yake.

Ranar fita kara, ya wanke ragonsa ya tsaya kusa da dillali yana saurare. Zai ga mai saye na gaske ba ya kallon tumbi, bayan rago yake dannawa ya ji nama, shi ya sa dabarar ɗura gishiri da ruwa don ciki ya fito ba ta cin kowa sai baƙo. In an yi wa ragon allura kwanan nan, ya faɗa, domin kowane magani na da kwanakin da ake jira kafin yanka. A bar shi ya ce "albarka" da bakinsa in tayi bai kai ba.

Tun ranar farko a gaya masa ragon nan na sayarwa ne, don kuka ya zo da sauƙi. In kuɗi ya shigo, a cire na abinci, a saya masa tunkiya da abin da ya rage. Tunkiya wata biyar take ɗaukar ciki kafin ta haihu.