Laraba a ofis: ruwan leda, kuɗin wuta da ruwan alwala

Yau Laraba, zafin ƙarshen bazara ya tsananta a Kano, hadari yana haɗuwa da yamma yana watsewa ba ko yayyafi. Bayan mun kammala batutuwan aiki a zaman safe, shugabar sashenmu ta ce a duba inda aka kwana game da 'yan ƙa'idojin da muka ɗora wa kanmu domin rage shara da almubazzaranci. Ba su da yawa: kowa ya zo da gorarsa ya riƙa ɗiban ruwa daga babban tulun ofis, a daina sayo fiya wata jaka-jaka, a kashe fitila da na'urar sanyaya ɗaki idan za a fita, sannan a riƙa buga takarda gaba da baya.

Maganar wuta ba ta ja lokaci ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ƙara kuɗin lantarki ga masu rukunin Band A, wato waɗanda aka ware a matsayin masu samun wuta aƙalla awa ashirin a rana, a Afrilun 2024, babu wanda yake bukatar wa'azi kafin ya kashe fanka a ɗakin da ba kowa. Akanta ya ce man janareto ya fara daɗewa fiye da da, kowa ya yi hamdala, aka wuce.

A kan ruwan leda ne aka yi ja-in-ja. Wani abokin aikinmu, mutum mai natsuwa wanda ba ya magana don neman gardama, ya dubi shugaba ya ce: "Ranki ya daɗe, ledar da muke zubarwa a nan guda nawa ce, idan aka gwada ta da wadda ake zubarwa a kasuwa ɗaya kafin azahar?" Ta fuskar lissafi gaskiya ya faɗa, kuma ban ga amfanin musanta masa ba. Abin da na ce shi ne, ledar da muka shanye muka jefar ba ta ruɓewa kamar ɓawon ayaba, iska ce take kwasarta ta zuba a kwatar da ke bakin ƙofarmu, inda take haɗuwa da yashi ta toshe hanyar ruwa. Duk wanda ya ga yadda ruwa ya shiga shagunan Kantin Kwari a daminar 2022 ya lalata atamfofi da shaddodi, ya san abin da ke faruwa idan ruwan sama ya rasa hanyar wucewa a cikin birni. Kwatar ƙofarmu kuwa ba 'yan kasuwa ne suke cika ta ba, mu ne da maƙwabtanmu.

Sai dai akwai abin da ya fi damuna fiye da wannan muhawara. Ranar da ruwan tulu ya ƙare a makon jiya ba a kawo wani ba, kafin la'asar kowa ya koma aiken yaro ya sayo fiya wata, har da waɗanda suka fi kowa goyon bayan tsarin. Ban ga laifinsu ba, domin ƙishirwa a irin wannan zafi ba ta jiran kwamiti. Fiya wata ta samu gindin zama ne saboda ruwan famfo mai tsabta ba ya isa ga jama'a, don haka hana ta ba tare da tanadin madadinta ba, wahalar da mutane ne kawai. Ruwanda ta haramta jakar leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, jihar Legas ta hana robar zuba abinci ta kumfa a Janairun 2024, gwamnatin tarayya kuma ta amince a watan Yunin 2024 da a daina amfani da robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatunta. Dokokin suna da kyau, amma a ɗan ofis irin namu, tsarin ya rataya ne a wuyan wanda zai tabbatar tulu bai bushe ba. Na nemi a ɗora wannan nauyi a kan mutum ɗaya sananne, a kuma ware kuɗinsa tun farkon wata, aka amince.

Da azahar na fita alwala, na tarar Baba mai gadi ya yi wani aiki da babu wanda ya sa shi. Ya haƙa 'yar siririyar hanya daga wurin alwala zuwa gindin darbejiya da zogalen da ke jikin katanga, ruwan da a da yake kwanciya yana tara sauro yanzu shuka yake shayarwa. Na ce masa, "Baba, sannu da ƙoƙari, wa ya ba ka wannan shawara?" Ya ce a garinsu ba a barin ruwa ya tafi a banza, kuma an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu ɗaya yake alwala. Ya kuma ba ni labarin akuyarsa da ta yi ta ramewa duk da tana cin dusa, da aka yanka ta aka tarar tumbinta cike da leda. Abin ya taɓa ni ƙwarai, musamman da na tuna cewa ba a taɓa gayyatarsa zamanmu ba, alhali shi da mai shara ne suke ganin duk abin da muke zubarwa. Na koma na gaya wa shugaba, ta ce a kira su duka biyu zama na gaba.

Abin da ya rage shi ne abincin rana, wanda har yanzu a roba da baƙar leda yake zuwa. Mai abincin ta ce ba ta ƙi zuba mana a kwanukanmu ba, muddin za a kai mata su a wanke kafin sha ɗaya na safe. Gobe zan zagaya da takarda in rubuta sunayen waɗanda za su zo da kwano, in kuma yi magana da ɗan bola jarin da ke bi ta layinmu, ya riƙa zuwa duk Juma'a yana kwashe gorunan roba da kwalayen da muka ware.