Saƙon Godiya Ga Mutanen Gidanmu

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, hunturun bana ya wuce, ni ma na miƙe. Masu kira da masu aiko da gaisuwa, jiki da sauƙi sosai, Allah ya bar zumunci.

Ciwona amosanin gaɓɓai ne, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa gaɓɓan mai ita. Tun farko likita ya gaya min ba a rabuwa da shi, sai dai lallaɓawa. Mai dubiya yakan zo sau ɗaya ko biyu ya koma sabgarsa, ban kuwa ga laifinsa ba. Na cikin gida su ne ba su da ranar hutu.

Yaya, abokiyar zamana, da ke zan fara. Da asuba yatsuna a sandare suke tashi, ko buta ba na iya riƙewa. Kafin a kira salla kin ɗora ruwan zafi, kin jiƙa min hannu, kin ajiye kujerar da zan yi salla a kai. Kin haɗa girkina da naki, kin yi wa 'ya'yana kitso, ko sau ɗaya ban ji gori daga bakinki ba. Masu cewa kishiya ba ta alheri, su zo gidanmu su gani.

Malam, na gode. Maganin methotrexate sau ɗaya ake sha a mako, shan sa kullum na iya halaka mutum, sai ka ɗauki nauyin tuna ranar, tare da ƙwayar folic acid mai rage illar maganin, da gwajin jini da na hanta. Ka kuma tsaya kai da fata kan kada a kawo min haɗin kyamis, mai kwantar da ciwo nan take, daga baya ya kumbura fuska ya jawo gyambon ciki. Na san wasu dangi sun ji haushi.

Ƙanena da ya sa min masai na zama, da 'yata mai ɗaura min ɗankwali, Allah ya yi muku albarka. Haka likitoci da masu gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Masu ɗinki a wajena, a ƙara haƙuri. Na fara hawa keke kaɗan-kaɗan, wadda ke gaggawa kuma ta aiko a karɓi atamfarta.