Kafin ka biya kuɗin kwas ɗin harkar mai da gas

Darasi na farko da aikin nan ke koya wa mutum shi ne babu wata sana'a guda mai suna "harkar mai". Kamfani yana neman mai waldar bututu ne, ko mai kula da na'urorin awo, ko makanikin famfo da kwamfiresa, ko mai lantarki, ko mai binciken ƙarfe. Matashin da ya ce yana son shiga harkar mai bai riga ya zaɓi komai ba tukuna. Shi ya sa masu tallar kwas na sati biyu suke samun kasuwa: suna sayar da suna mai faɗi ga wanda bai san takamaiman aikin da zai nema ba.

Sai a fara duba inda aikin yake. Akwai haƙo mai, yawanci a yankin Neja Delta da cikin teku. Akwai jigilarsa ta bututu. Akwai tacewa da rarrabawa. Haƙo shi ne mai albashin da ake labari, kuma shi ne mai saurin sallamar ma'aikata. Lokacin da farashin ganga ya faɗo daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, injinan haƙa aka fara tsayarwa. Wanda ya koyi aikin rijiya kaɗai ya zauna gida. Mai na'urorin awo da mai lantarki kuwa suna da mafita a masana'antar siminti ta Ashaka ko Sakkwato, ko kamfanin taki, ko tashar wuta. A ganina ɗan Arewa ya fi dacewa ya zaɓi sana'ar da za ta iya bin sa gida, musamman ganin bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, ga matatar Kaduna mai ƙarfin ganga 110,000 a rana duk da shekarun da ta yi a tsaye. A Nijar akwai matatar SORAZ kusa da Damagaram mai ganga 20,000 a rana tun 2011, da bututun da ke kai ɗanyen man Agadem gabar tekun Jamhuriyar Benin.

Tushen karatu shi ne difloma. Cibiyar Horar da Ma'aikatan Man Fetur ta PTI da ke Effurun kusa da Warri, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 1970, tana ba da ND da HND a fannoni irin su walda, sarrafa mai da gas, lantarki, kanikanci da kariyar ma'aikata, kuma ta JAMB ake shiga. Tsarin shi ne shekara biyu na ND, shekara guda ta aikin masana'anta, sannan shekara biyu na HND. Ba dole sai PTI ba. Diflomar kanikanci ko lantarki ko injiniyan sinadarai daga kwalejin kimiyya da fasaha irin ta Kaduna tana aiki, muddin hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha ta amince da wannan kwas ɗin kansa. A lura da wannan, domin makaranta tana iya zama mai rajista amma wani sashe nata bai samu amincewa ba. Shekarar masana'antar nan kuma ita ce ɗalibai suka fi wasa da ita. Wanda ya yi ta a ofis yana ɗaukar fayil ya yi asarar damar da ta fi kowace daraja a cikin shekaru biyar ɗin.

Mu tsaya kan walda, don a nan aka fi yaudarar mutane. Waldar ƙofa da taga daban, waldar bututun da zai ɗauki gas mai matsi daban. Gwajin da ake yawan yi shi ne 6G: a kafe bututu a karkace, digiri 45, ba a juya shi, mai walda ne zai zagaya shi, don haka a haɗi guda zai yi waldar ƙasa da ta gefe da ta saman kai. Ana fere bakin kowane bututu, a bar tazarar kusan milimita 3, a yi zagayen farko da sandar walda mai lamba E6010 ko da waldar iskar argon, sannan a cike da E7018. Daga nan a ɗauki hoton haɗin da na'urar haske mai ratsa ƙarfe, ko a yanko yanki a lanƙwasa a ga ko zai tsage. Abubuwa uku ne suka fi kayar da mutane. Zagayen farko bai ratsa ciki ba saboda tazara ta yi kaɗan ko wuta ta yi sanyi. Ƙananan ramuka sun fito saboda sandar E7018 ta sha danshi, alhali ana ajiye ta ne a tanda mai zafin kusan digiri 120 a ma'aunin Celsius bayan an buɗe kwali. Ko kuma kashin walda, wato dattin da ke daskarewa a samanta, ya maƙale a tsakani saboda ba a goge da giranda sosai ba kafin a ɗora zagaye na gaba. Ba ɗaya cikin ukun da ake gyarawa da karatu. Sai an ƙona sanduna kwali bayan kwali.

Saboda haka, kafin biyan kuɗi, je ka ga wurin da idonka, gani ya kori ji. Ƙirga injinan walda masu aiki, ka raba da yawan ɗalibai. Tambayi wa ke sayen sanduna da guntayen bututu, ka duba ko akwai janareta mai iya ɗaukar injinan idan an ɗauke wuta, ka nemi ganin tandar sanduna. Wurin da ba shi da ita bai san aikin bututu ba. Ka sani kuma, a ƙa'idar ASME, ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka, shaidar mai walda tana mutuwa idan ya yi wata shida bai yi aiki da wannan nau'in waldar ba, kuma kusan kowane ɗan kwangila zai sake gwada ka a wurin aikinsa ko da takardu nawa ka zo da su.

Fannin na'urorin awo ya fi son kai mai lissafi da hannu mai natsuwa. Yawancin na'urorin auna matsi da zafi da gudun ruwa suna aika saƙo ne da wutar miliamfiya 4 zuwa 20: 4 na nufin sifili, 12 rabi, 20 cikakke. An fara daga 4 ne don idan waya ta tsinke a ga sifili a gane matsala ce. Ɗalibin da ya gama kwas bai taɓa saita na'ura a maki biyar ba, wato 4, 8, 12, 16 da 20, bai taɓa bin zanen bututu da na'urori ya gano bawul ba, to bai fara ba. Waɗannan abubuwan ne ake tambaya a intabiyu, kuma a nan masu takardar sati biyu suke yin shiru.

Binciken ƙarfe ba tare da lalata shi ba, wanda ake kira NDT, yana da tarko nasa. Matakai uku ne, kuma mataki na biyu ne ke da ikon yanke hukunci kan haɗin walda. A tsarin Amurka na SNT-TC-1A, binciken da ake yi da sautin da kunne ba ya ji yana buƙatar awa 40 na aji da awa 210 na aiki a matakin farko, sannan ƙarin awa 40 da awa 630 a na biyu. Wanda ya ba ka mataki na biyu cikin kwana goma ba tare da awannin aiki ba, takarda kawai ya sayar maka. Haka kuma a wannan tsari kamfanin da kake wa aiki ne ke ba da shaidar, idan ka bar shi ta ƙare. Ta tsarin ƙasa da ƙasa na ISO 9712 ce ke bin mutum duk inda ya je. Ana gwada ido, har da bambance launi, don haka a fara zuwa asibiti kafin a kashe kuɗi.

Gajerun takardun kariya su ne na ƙarshe a jeri, amma su matasa suke fara saya. BOSIET, horon tsira a teku da ya haɗa da fita daga jirgi mai saukar ungulu da ya kife cikin ruwa, kwana uku ne, shekara huɗu yake aiki, kuma sai a cibiyar da OPITO, hukumar da ke tsara ƙa'idojin irin wannan horon, ta amince da ita, wanda ana iya dubawa a shafinta na intanet. Shaidar IWCF ta shawo kan matsin rijiyar mai don kada ta ɓalle, a mataki na uku da na huɗu, shekara biyu ce kawai. Wanda ya sayar da gona ya yi su ba shi da aiki a hannu, sai su mutu a cikin jaka, alhali sau da yawa kamfanin da ya ɗauke ka ne ke biya. Horon iskar H2S mai guba dai ya cancanci a yi shi da gaske: tana warin ruɓaɓɓen ƙwai idan kaɗan ce, amma da ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan sai ta kashe jin warin, mutum ya ɗauka ta wuce.

Ta fuskar kuɗi, asusun PTDF na bunƙasa fasahar man fetur yana ba da tallafin karatu, hukumar NCDMB da dokar 2010 ta kafa don ƙara hannun 'yan ƙasa a harkar mai kuma tana ɗaukar nauyin horo lokaci zuwa lokaci ga waɗanda suka yi rajista a rumbunta na NOGIC JQS. A bi shafukansu kai tsaye, ba ta hannun wani mai cewa yana da hanya ba. Tun daga ranar farko a riƙe littafin aiki: kwanan wata, girman bututu ko nau'in na'ura, awannin da aka yi, da sa hannun mai kula da kai. Da shi ake tabbatar da awannin NDT, da shi ake nuna cewa wata shidan walda bai wuce ba.