Birgi nawa dala mai matakala take ci?

Wani abokina da ke da lakol ta yara a can wajen Garin Malam yana son a gina mishi 'yar dala mai matakala a tsakiyar fili, a kafa sandar tuta a samanta, hawa goma yake so, sai ya turo min saƙo a WhatsApp wai in faɗa mishi birgi nawa zai saya tunda ni ne ake ce ma mai lissafi a fadarmu. Na ce mishi tambayar nan ba ta cika ba tukuna, sai ka faɗa min kowane hawa da nawa yake shiga ciki, kuma cikin dalar birgi ne har zuciya ko ƙasa za a cika. Nan ne duk kuɗin suke.

Bari mu fara da mai sauƙi, mu ɗauka kowane birgi tsawonshi da faɗinshi ɗaya ne. Idan hawan ƙasa 10 sau 10 ne, na bisanshi 9 sau 9, haka dai har ka kai guda ɗaya a ƙoli, to tarawa kawai za ka yi: 100, 81, 64, 49, 36, 25, 16, 9, 4, 1, ya ba ka 385. Wanda ba ya son tarawa akwai gajeriyar hanya, ka ɗauki yawan hawan, ka ninka da wanda ke bi mishi, ka sake ninkawa da ninki biyu na yawan hawan da ƙarin ɗaya, ka raba gida 6. Wato 10 sau 11 sau 21, ya zama 2310, a raba 6, 385 cif. Hanyar nan ba ta yau ba ce, Aryabhata na Indiya ya rubuta ta tun shekara ta 499.

Sai dai irin wannan dalar kowane hawa rabin birgi kawai yake shiga ta kowane gefe, ƙafar yaro ma da ƙyar ta zauna a kai. In kana son matakala ta gaske wadda cikakken birgi ke fitowa a kowane gefe to kowane hawa biyu yake raguwa ba ɗaya ba, ƙasan ya zama 19 sau 19, sai 17, sai 15, har 1, kuma jimla ta tashi 1330. Hawa goma ɗin ne dai, tsayi ɗaya, amma birgin ya fi ninki uku! Abokina da ya ga wannan adadi sai ya turo min alamar kuka.

Da yamma na biya wajen kawuna, maso ne tun muna yara, ya gina gidaje da yawa a Birni da Zango, na nuna mishi lissafin a salula. Ya dube ni ya ce ɗana wa ya ce maka ana cika ciki da birgi, ai baki-baki ake jerawa a zuba jar ƙasa a tsakiya a daddaɓe ta da ruwa sannan a ɗora hawa na gaba. Na ce to kawu bari in ƙirga bakin kawai. Hawan ƙasa 72, na biyu 64, na uku 56, takwas-takwas yake raguwa har 8, sai guda na ƙoli, na tara na samu 361, sai na tsaya ina kallon lambar don 361 ai 19 sau 19 ne. Kuma dole ta zama haka, in ka hau soro ka leƙo dalar daga bisa, zoben kowane hawa yana zaune ne daidai cikin na ƙasanshi ba gibi ba hawa kan juna, gaba ɗayansu sun shimfiɗe filin ƙasan sau ɗaya tak. Wallahi wannan ya fi waccan hanyar ta raba 6 burge ni, don ko wanda bai je lakol ba zai gane shi da ido.

Saura abu ɗaya, birgin siminti na 20 da ake bugawa a nan tsawonshi santimita 40 ne faɗinshi 20, sai ka jera biyu gefe da gefe kafin su ba ka 40 da 40. Don haka 361 ta koma 722, kawu ya ce a ƙara kamar 40 na karyewa a amalanke da na yanka. Faɗin ƙasan kuma ya kai mita 7 da santimita 60 ba a sa kaurin kwaɓi ba, tsayi mita 2 da 'yan kai, wanda a ganina ya yi ma filin lakol yawa, hawa biyar ya isa tuta, 9 sau 9, 81, birgi 162.

Kar wani ya ɗauki lissafin nan ya ce zai ƙirga duwatsun dalar Misira da shi fa. Ta Sarki Djoser a Saƙƙara, wadda Imhotep ya tsara sama da shekara 4,600 da suka wuce, matakala 6 ce da ita amma tsayinta wajen mita 60, kowace matakala jeri ne masu yawa na dutse, kuma ƙasanta ma gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Dalar gyaɗa ta Kano ta fi kusa da abin da muke yi, ana cewa a da can lokacin da ake yin ta guda tana cin buhu har 15,000, kuma in ka gwada hawa 35 a hanyar farko, 35 sau 36 sau 71 a raba 6, za ka samu 14,910.