Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Jirgin Kanumfari

Salam jama'a, a yi haƙuri da shirun makon jiya, wayata ce ta faɗa bokiti. Mun tsaya inda na karɓi kuɗin tsinkar zaitun na yanki tikitin gida bayan shekara 7 a Sifen.

Toh saura kwana uku tafiya sai Kawu, wani dattijo ɗan Damagaram da ya riƙe ni tun zuwana, ya ce tashi mu zaga birnin Sebiya kar ka je gida a tambaye ka ka ce gona kawai ka sani. Bakin kogi ya kai ni, wajen wani jirgin katako da aka ƙera irin na da mai suna Biktoriya. Na ce Kawu wai wannan ɗan akwatin ne ya zagaye duniya? Ya ce shiga ka gani. Wlh ciki sai ka sunkuya, ga duhu, ni da na san kwale-kwale sai da gabana ya faɗi.

Jirage 5 suka tashi daga Sifen a 1519, har da Biktoriya na asali, da mutum sama da 200, shugabansu Majelan aka kashe shi a Filifin a 1521, wani Elkano ne ya ja ragowar. A tsibirin Tidore, wajen wani sarki musulmi, suka cika Biktoriya da kanumfari, eh wannan dai da ake sa wa a kunu da zobo, lokacin tsada gare shi kamar zinare. Dawowar ce azaba, don hanyar ta Fotugal ce in an kama su shikenan, haka suka yi wata da watanni ba su taka ƙasa ba, naman da suka ɗauko ya ruɓe saboda ba gishiri, daga shinkafa sai ruwa, ana ta jefa gawa a teku. Yunwa ta sa suka tsaya tsibiran Kef Bade na Fotugal a Yulin 1522 suka yi ƙaryar daga nahiyar Amurka suke, asiri ya tonu aka riƙe musu mutum 13, sauran suka gudu. A can ne ma suka ce yau Laraba aka ce musu a'a Alhamis ce, bin rana yamma ya cinye musu kwana guda. Kawu ya ce ka ga da mu ne da ranar Asabar za mu yi ta yin Juma'a, muka yi dariya.

Su 18 suka iso Sifen ranar 6 ga Satumba 1522, da suka shigo Sebiya suka tafi coci ba takalmi da kyandir a hannu. Kanumfarin ya mayar da kuɗin tafiyar, sarkin Sifen ya yanka wa Elkano dukat 500 duk shekara amma har ya mutu a teku a 1526 bai karɓa ba.

Nan dariyar ta tsaya min. Mu tara muka tashi daga Agadas, huɗu muka taka Sifen. Wayata kuwa cike da saƙon tsaraba, wannan agogo wannan takalmi lamba 43. Kawu ya dafa ni ya ce yaro in ka sauka kar ka buɗe jaka sai ka fara zuwa gidan su marigayi abokin tafiyarka, uwarsa za ta tambaye ka a ina, ka shirya abin da za ka ce. Har jirgi ya sauka Yamai ban shirya ba.

Yadda muka yi da ita sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.